Sunan Baba ne a kan tikitin jirgin ruwan Mama

Salama a gare ku ƴan uwa, barkanmu da yau. Admin, ina roƙo a saka wannan ba tare da sunana ba, sunayen da zan ambata a ciki ma duk na canza su. Na daɗe a nan ina karanta na wasu, ban taɓa rubuta ko kalma ɗaya ba, yau dai abin ya kawo ni. Don Allah ku ba ni shawara, musamman wanda ya taɓa shiga babban jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, ko ya taɓa shirya wa wani takardun shigarsa.

Ni ɗalibi ne a jami'a, muna zaune a unguwar Harobanda ta Yamai, ƙetaren gulbi, ni da mahaifiyata, mu biyu kawai. Asalinmu mutanen Dogondutsi ne, Kirista, Baba malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Mama kuma ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Baba ya rasu bara. Mu biyu suka haifa, ni da Yayata wadda ke aure a Faransa, ita ma jinyar take yi a can. Lokacin rasuwar ba ta samu zuwa ba, ta waya ta bi jana'izar, kuma na san abin yana cin ta har yanzu ko da ba ta faɗa. To bana sai ta ce Mama ta je ta huta a wurinta, kuma ta yankar musu tikitin jirgin ruwa, irin mai ɗakunan kwana da wuraren cin abinci a ciki, su tashi daga Marsei, can Faransa, su zaga ta Italiya da Ispaniya su dawo. Mama ba ta taɓa ganin teku ba, ruwa mafi girma da ta sani shi ne gulbin da muke ƙetarewa ta kan gada. Wata mai zuwa ne tafiyar. Ni ba zan je ba saboda jarrabawa, ita kaɗai za ta tashi daga Yamai.

A gidanmu Baba ne mai kula da takardu. Shi ba ya yarda da takardar da ba a yi mata fotokopi an kai meri, wato ofishin magajin gari, an buga mata hatimi ba, ko takardar rigakafin yara ce sai ya yi mata haka. Da ya rasu aikin ya faɗo kaina, ba wanda ya ce na ɗauka, kawai dai ni ne na san inda komai yake. Don haka da maganar tafiya ta tashi na zauna na haɗa duk abin da na iya tunawa. Paspor da biza na yi musu fotokopi, na kai an buga hatimi. Na nemo karnen rigakafin shawara, wato katin allurar, na buga takardar asirans, wato inshora, da takardar masaukin da Yaya ta aiko, da tikitin jirgin sama, na karɓo sabuwar takardar likita ta maganin hawan jinin da Mama ke sha don kada a tambaye ta a hanya ta rasa abin nunawa. Wani siber, shagon intanet da buga takardu, nake zuwa a Kalley kusa da babbar kasuwa, don injinsu ba ya cin gefen rubutu. Mai wurin Bazabarme ne, ranar da ya ga tulin da na kawo sai ya gaishe ni da yarensu ya ce, "Fofo abokina, wannan duka takarda na mutum ɗaya? Ko gari duka za su tafi?" Na yi murmushi kawai.

Saura na jirgin ruwan. Yaya ta ba ni lambar sirrin shiga shafin kamfanin, ta ce in cika lambar paspor ɗin Mama in buga mata takardar shiga da ƴan takardun da ake ɗaura wa akwati. Da takardar ta fito daga inji na ajiye ta kusa da fotokopin paspor ina bi layi-layi, haka nake yi da komai. Nan na ga sunayen ba ɗaya ba ne. Kun san yadda muke kiran matar aure a nan, sunan miji a gaba, nata a baya. Duk Yamai, daga asibitin da ta yi aiki har majami'a, Madam Barmu Rahila aka san Mama, mu ma da shi muka tashi. To shi Yaya ta rubuta. Amma a paspor sunanta ne da na mahaifinta, Rahila Tankari, babu Barmu ko kaɗan. Ranar haihuwa ma ta bambanta. An haifi Mama a ƙauye, ba a san rana ba, shekara kawai aka ƙiyasta, shi ya sa paspor ya ba ta ɗaya ga Janairu kamar sauran tsaranta. Mu kuma a gida ranar da aka yi mata baftisma muke yi mata biki, cikin damina, tun muna yara haka Baba ya tsara. Wannan ranar Yaya ta saka. Ba ganganci ta yi ba, abin da ta sani ta rubuta. Tikitin jirgin sama ba matsala, don ni na yanke shi a nan da paspor a hannuna. Na jirgin ruwan ne kawai, kuma a shafin nasu na karanta da idona cewa dole suna ya zo daidai da na paspor, in ba haka ba suna iya hana mutum shiga. Wurin sunan da ranar haihuwar a kulle suke, ba a gyarawa sai an rubuta musu.

Na aika wa Yaya hoton takardun biyu gefe da gefe. Ba ta amsa ba sai da ta tashi daga aiki, ta aiko saƙon murya. Ta ce ni dama tun ina yaro tsoro ya yi mini yawa, ta kira ni Malam Fotokopi, ta ce a can ba a yawo da jakar takardu kamar mai zuwa neman aiki, komai a cikin waya yake, za a haska a wuce. Na ce mata wayar Mama ko kira ne sai ta miƙo mini in danna mata, kuma maganar ba ta buga takarda ba ce, ta suna ce. Ta ce ai fuska ɗaya ce, lambar paspor ɗaya ce, kuma ita tana tsaye a wurin za ta yi musu bayani. Na ce in ba su karɓi bayani ba fa. Nan ranta ya ɓaci. Ta ce in aka taɓa sunan suna iya ɗauka wani mutum dabam ne za a saka, su soke ɗakin gaba ɗaya, kuma jirgin ya cika. Ta ce abu ɗaya ta samu ta yi wa Mama tun da Baba ya tafi, shi ma sai na nemo masa aibi. Ta ce kada in kuskura in rubuta wa kamfanin, kada kuma in tayar wa Mama da hankali. Na ajiye wayar. Ni ban iya gardama ba, in aka ɗaga mini murya maganar da na shirya duk sai ta watse. Tun daga ranar in na rubuta mata, hoton babban yatsa kawai take maido mini.

Ba ni da wanda zan tambaya. Abokan karatuna ba su da yawa, wanda muke zama benci ɗaya na gwada faɗa masa, ya kwashe da dariya ya ce ni da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba ina ni ina matsalar jirgin teku, ya ce in sun hana tsohuwa shiga ta dawo ya kai ta yawon gulbi kyauta. A majami'a wata tanti daga cikin dattawanmu ta ce in bar wa Allah, wani tonton, shi ma dattijo, ya ce in kai takardar auren Mama a buga mata hatimi, magana ta ƙare. Na yi hakan, takardar tana nan cikin jakar, sunan Baba da na Mama duka a jiki. Amma ban sani ba ko ma'aikacin da ke bakin jirgi a Marsei zai tsaya duba hatimin meri na Nijar, ga layi a bayansa. Duk wanda na sani bai taɓa tsayawa a wannan layin ba. Wani lokaci ina zaune a laburare littafi a buɗe gabana, ba abin da nake gani sai Mama a tsaye da akwatinta da sabon mayafinta, mutane suna wuce ta suna hawa, ita kuma tana waige tana neman wanda zai yi mata magana, ni ina nan ƙetaren gada.

Na yi niyyar bin maganar Yaya in yi shiru, amma Mama da kanta ta tayar da maganar. Ranar Lahadi bayan mun dawo daga sujada ta tarar da jakar a kan tebur, ta ce in nuna mata takardar jirgin. Ta saka tabarau ta daɗe tana kallo. Na ɗauka ta gano kuskuren ne, har na fara shirya abin da zan ce. Sai ta ɗora yatsa a kan Barmu ta ce, "Auta, ka gani, ashe da shi za mu shiga." Ta ce shekara da shekaru Baba yana koya wa yara sunayen tekuna a allo, shi kuwa bai taɓa ganin ko ɗaya ba, kullum yana ce mata in ya yi ritaya za su je Kotonu ko da kwana biyu ne su ga ruwan, ciwo bai bar shi ba. Ta ce Allah ya yi wa Yayarka albarka da ta tuna ta saka shi. Sai na daure na ce mata, Mama, paspor ɗinki ba haka yake ba, ana iya samun matsala. Ta cire tabarau ta ce ita shekara nawa tana amsa wannan sunan, ba wanda ya taɓa ce mata ba nata ba ne, kada in fara. Ta ce in buga mata wata ta saka a cikin Littafi Mai Tsarki. Na buga mata.

Yanzu ga inda nake. Lambar sirrin tana hannuna, saƙon da zan aika wa kamfanin na rubuta shi da faransanci na gyara ya fi a ƙirga, ban aika ba. In na aika, na yi abin da Yaya ta hana ni a bayan idonta, kuma in ya zama gaskiyarta aka soke ɗakin, ni ne na rushe tafiyar da hannuna, ban san ranar da za ta sake yi mini magana ba, ita kaɗai ce ƴar uwar da nake da ita. In sun gyara lafiya, sabuwar takarda za ta fito da Tankari, ni zan miƙa wa Mama ita, ta duba ta ga na cire Baba. In kuma na yi shiru na bi maganarsu, wataƙila su wuce lafiya a yi mini dariya, wannan ba komai, na saba. Amma wataƙila ba su wuce ba.

Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini, takardar aure mai hatimi tana isa a bakin jirgi, ko ba sa duba ta? Gyaran suna da ranar haihuwa yana sa a soke ɗaki da gaske? Ban da waɗanda na lissafa, akwai wata takardar da ya kamata in buga in saka mata? Sannan ku iyaye mata da ke nan, in ɗanku ne, wanne za ku fi yafe masa, ya cire sunan mijinku daga takarda ku shiga jirgi, ko ya bar muku sunan ku tsaya a bakin ruwa?