Ina Kiwon Ƙwari, 'Yan Uwana Sun Daina Nemana

Tanti Wasila, don Allah ki taimake ni da shawara, don ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana ya saurare ni bai yi dariya ba.

Ni ɗan Birni ne a Damagaram. Na karanta ilimin halittu, na fito da difloma ta aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Na yi shekaru ina jiran konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, ba kasafai ake buɗewa ba, wanda aka buɗe kuma mun yi yawa. Cikin 'yan ajinmu wani yana kabu-kabu, wata ta koma sayar da turare. Ni Allah ya ba ni aiki a wani furoje, wato shirin tallafa wa manoma, a wani ƙauye kusa da Dogo.

Aikina kiwon ƙwari ne, kuma nan ake fara dariyar. Wasu 'yan ƙananan ƙwari ne dangin zanzaro, ba su kai sauro girma ba, su ke kashe murzuna, tsutsar nan da ke cinye zangarniyar gero. Ina renon su cikin kwalabe, in gero ya fara fitar da kai mu zuba su a 'yan buhuna mu rataya a gonaki. Kullum sai an ba su ruwan zuma, in zafi ya yi sai na jiƙa buhu na rufe taga. Yini guda aka bar su, sai a tarar da gawa. Ni kaɗai na iya, don haka ni kaɗai nake zaune.

Albashin, Tanti, na ci ne kawai da sabulu. Wani watan ma sai ya haɗu da na gaba. Kontiragina zai ƙare bayan girbi, ba wanda ya san ko za a sabunta.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Da damina gwaggona Jummai ta rasu, ita ta goye ni. Rasuwar ta zo daidai makon sakin ƙwarin, ƙauyuka da dama suna jira. Na buga waya na yi ta'aziyya, ban je ba. Tun daga nan gida ya yi mini shiru. Matar yayana Abdulmumin ta haihu, a bakin direban motar kasuwa na ji, bayan an ci suna an watse. Na koma ɗaki na zauna gaban kwalabe na yi kuka kamar yaro. Mutanen ƙauyen suna gaishe ni da mutunci, amma ni baƙo ne, in na zauna a fadarsu, inda suke taruwa, hirar takan canza. Wani yinin ban da sallama ba na magana da kowa.

Yanzu Yaya ya aiko cewa in na gaji da wasa da tsutsa, akwai wuri a shagonsa. Ina son aikin nan, na ga gonar da ta tsira da idona. Amma ina tsoron in wayi gari ba aiki ba dangi. In koma ne?

Mai kiwon ƙwari, daga yankin Dogo

*

Ɗana, ban yi dariya ba. Aikinka aiki ne, wanda ya ci tuwon geron nan ya sani.

Amma bari in faɗa maka ɓangaren 'yan uwanka. Tsakanin Dogo da Damagaram ba tafiyar kwana ba ce. Matar da ta goye ka ta rasu, aka shimfiɗa tabarmi, kowa ya zo, kai ka aiko murya. Su ba ƙwari suka gani ba, wurin zamanka suka gani babu kowa. Saƙon yayanka ma, duk da gatsen da ke ciki, kira ne. Wanda ya yafe ka ba ya ajiye maka wuri a shago.

Batun aiki, ba zan yi maka zaƙin baki ba. Guraben gwamnati kaɗan ne, furoje kuma yau akwai gobe babu. Kada ka ajiye kafin girbi, kada kuma ka jira ranar ƙarshe. Je ka tambayi shugabanka ƙiri-ƙiri ko za a sabunta, ka karɓi takardar shaidar aiki, ka fara kai ta labo-labon asibiti da na masu irin shuka. Ka gode wa Yaya, ka ce ya ba ka zuwa kaka.

Sannan ka daina zama kai kaɗai ka iya. Nemi mutum biyu cikin ƙungiyar manoman, mata ma sun fi haƙurin irin wannan reno, ka koya musu. Ka samu mai riƙe maka, ka kuma samu abokan hira.

Jumma'ar nan ka shiga mota. Fara da gidan Gwaggo, ka zauna ka yi ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Kada ka kawo zancen ƙwari ko uzuri, ka ce ka yi kuskure kawai. Daga nan ka je ka ɗauki jaririn. In ka dawo ka tarar wasu kwalabe sun mutu, za ka iya sake reno. Gwaggo kuwa ba za ka sake samun wata ba, kuma waɗanda suka rage suna nan da rai.

Allah ya jiƙanta, ya buɗa maka, ya mayar da kai cikin 'yan uwanka.

Tanti Wasila