Shuɗin Zare a Kan Kwaɗonka

Zuwa gare ka, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata. Ina gaishe ka da gaisuwar da ta fi ƙarfin takarda.

Ka tuna makonmu na farko a kamfanin nan, muna sababbin masu koyon aikin lantarki, hular kwano tana yi mana yawa a kai? Ranar Babban Injiniya ya raba wa kowa kwaɗo da makulli ɗaya tak. Ya ce duk wanda zai sa hannu cikin wayoyi sai ya kashe babban makunni ya datse shi da kwaɗonsa, kuma ba mai cire kwaɗon wani, ko da mai kamfanin ne. Kwaɗunan duk kamarsu ɗaya, kai kuwa sarkin mantuwa, kullum kana laluben naka cikin na mutane. Ni na ɗiga masa jan farcena a gindi don ka riƙa gane shi.

Ka tuna ranar da aka fara tura ni cikin babban akwatin wuta na ɗakin taransifoma? Ƙugin injin yana ratsa ƙirjina, zufa ta cika safar hannuna, na tsaya a bakin akwatin. Aikin ba naka ba ne, amma ka zo ka rataya kwaɗonka kusa da nawa, ka ce, “Shiga abinki, wanda zai kunna miki wuta sai ya fara bi ta kaina.” Wallahi a nan ka sace ni. Na shiga da tsoro, na fito da sonka, har yau bai sake ni ba.

To, gwanina, me ya kai kwaɗonka sashen masu aikin mitar wuta?

Da idona na gan shi, ba labari aka kawo mini ba. An aike ni karɓo wayar wuta, na bi ta gaban makunninsu, sai ga ɗigon jan farcena yana kallona. Yana rataye kafaɗa da kafaɗa da na sabuwar yarinyar nan mai gilashi, wadda dariyarta ke riga ta shiga ɗakin cin abinci. Aikin sashen mita naka ne? Yaushe aka mayar da kai can ban ji ba? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shuɗin zaren ulu da aka ɗaure a wuyan kwaɗon, ƙulli mai kyau, irin na hannun da ya saba da saƙa. Kai da ko igiyar takalminka ba ka iya ɗaurewa da kyau!

Na yi ƙoƙarin yi maka uzuri, Allah ya sani. Na ce wataƙila tsoro ya kama ta kamar yadda ya kama ni, kai kuma tausayi ya yi maka yawa. Sai na ga uzurin ma ciwo yake ƙara mini. Ashe maganar da na adana a zuciya kamar zinare, kowace mai jin tsoro kake raba wa? A motar kamfani kuma ka koma zama a baya, wai iska ta fi shigowa ta can. Na tambayi Dogo, abokin aikinka, ya sosa ƙeya ya ce, “Ni dai, ƙanwata, wayar wuta kawai na sani.” Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ranar ya zama bebe.

Kada ka ce zargi ya yi mini yawa. Tare aka koya mana cewa wayar da ba ka gwada da kanka ba, ka ɗauka akwai wuta a cikinta, kome lafiyar da ta nuna. Ni ma gwadawa nake yi kafin in ƙara sa hannu. Baba ya sake tambayata yaushe manyanka za su zo, na ce masa sai mun gama koyon aiki. Inna ta kalle ni ta gefen ido, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ba zan sake tsayawa gabansu in rantse a kan abin da ban tabbatar ba.

Ina sonka, ya hasken safiyata, son da ke hana ni jin ɗanɗanon abinci. Gobe an haɗa mu aiki ɗaya a ɗakin taransifoma, kuma zan riga ka zuwa gaban makunni. Idan zaren nan ba kome ba ne, ka kwance shi a gabana ka gaya mini yadda aka yi, zan saurare ka har ƙarshe. Idan kuwa wani abu ne, ka dubi idona ka faɗa. Kwaɗona yana nan datse a kan zuciyarka, makullin yana wuyana. Ka bar ni in buɗe shi da hannuna, kada ka sa masa zarto a bayan idona.

Taka, wadda ba ta taɓa rataya kwaɗonta kusa da na wani ba, kuma ba za ta rataya ba muddin naka yana wurin.