Katkat Mai Kujera Bakwai

Yaya Mailafiya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna?

Yaya, maigidana a nan Kotonu ya sayo mota katkat, ƙatuwa, kujera bakwai, duk na fata. Kujerar kanta sanyi take hura maka a baya! Ran farko sai da na tuɓe takalmi kafin in shiga, direba ya yi ta dariya. Ya ce ko rairayin Tarka na wajenmu ba zai riƙe ta ba.

Ni lafiya lau. Wanke motar nake yi tukuna, hannu ya ɗan tsage, ba komai. Ina neman permi, takardar tuƙi.

Kada ka gaya wa Inna, ita ta ɗauka tuƙi nake. Ranar da na kai ta likita a Tanut ba a amalanke ba, zan faɗa mata da bakina.

Ƙanenka,
Safiyanu