Shingo Ya Ajiye Sanda, Yana Son Tahowa Wurinka

Uwajima, ƙarshen watan Nuwamba

Zuwa ga Yaya Norio,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙanwarka. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Irene da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ciwon bayan nan naka? Akemi ta ce sai an yi da gaske kake shan magani, to ka daina wahalar da 'yarka. Kullum da safe in na kunna turare a gaban hoton Baba da Inna sai na ambaci sunanka, in roƙa maka lafiya da tsawon rai. Na san yanzu zafi ne ke shigowa a Brazil, mu kuwa nan sanyi ya fara sauka daga kan teku.

Mu ma muna nan lafiya. Tanjarin ya nuna, tudun bayan gida ya yi jawur tun daga ƙasa har sama. Bana ruwa ya yi ƙaranci, 'ya'yan sun zo ƙanana, amma zaƙinsu ya wuce na bara. Maigidana Sadao yana fama da gwiwa, ba ya iya hawa saman gonar sai ya tsaya ya huta, amma in ka yi masa maganar asibiti sai ya ce gwiwar tasa ce, ba ta likita ba. 'Yarmu Mayu tana Matsuyama, ciki ya tsufa, muna sa ran haihuwa bayan sabuwar shekara. Goggo Tomi kuwa tunaninta ya fara gudu. Ran nan ta riƙe hannuna ta ce in gaya maka ka yi aure haka nan, zaman gwauro ya isa. Na ce mata kana da jikoki, ta ce ƙarya nake.

Yaya, na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira waya, don na san muryata ba za ta kai ƙarshen maganar ba. Ƙungiyar besbol ɗin da ɗana Shingo ya yi wa wasa shekara da shekaru ta sallame shi a watan jiya. Ba su wulaƙanta shi ba. Sun kira shi ofis, sun ba shi shayi, sun yi masa godiya, sannan suka ce ba za su sabunta shi ba. Ya haura talatin, kuma irin wasansa ba shi ake nema yanzu ba.

Ka san yadda yake. Gajartar Baba ya ɗauko, ba shi da ƙirar da zai ɗaga ƙwallo ya haura katanga. Abin da ya iya shi ne gudu, da cafke ƙwallon da kowa ya fid da rai da shi, da kuma banto. In abokinsa yana zangon farko cikin zango ukun da ake zagayawa, sai Shingo ya karkata sanda, ya tare ƙwallon a hankali ya kwantar da shi a gabansa kamar mai ajiye ƙwai. Shi za a fitar da shi, amma abokin ya matsa zango na biyu, ya kusa gida, inda ake cin maki. Da wannan ya ci abinci duk tsawon shekarun nan. Akwai lokacin da in ya fito, tsofaffin da ke zaune bayan raga sukan ajiye kofunansu su gyara zama.

Ko kana tuna yadda muke jin wasa a rediyo? Baba yana ɗinkin taru a ƙofar gida, kai kana kwance rub da ciki, ni ina gefe ban san komai ba sai kallon fuskokinku. Wasa ya yi nisa babu wanda ya ci ko maki ɗaya, amma babu mai tashi. In mutum ɗaya ya kai zangon farko sai allurar Baba ta tsaya cak. Zai sato hanya ya gudu, ko za a tura shi? Inna takan leƙo ta ce shinkafa tana hucewa, Baba ya ɗaga mata hannu ko juyowa ba ya yi. Ni a wurina besbol shi ne wannan shirun, da yadda mutum uku ko huɗu za su haɗu su kai mutum ɗaya gida.

Yanzu ba haka ba ne. Shekara biyu da suka wuce aka kawo musu sabon koci, mutumin kirki, ya zo da na'urar da ke auna yadda ƙwallo ya tashi daga sanda. Ya tara su ya ce lissafi ya nuna duk wanda ya ba da kansa aka fitar da shi da gangan, asara ya jawo wa ƙungiya, don haka kowa ya ɗaga ƙwallo sama. Tun daga nan wasan ya koma abu biyu: ko homuran, ƙwallo ya haura katanga, ko mai bugu ya kaɗa iska sau uku ya koma ya zauna. Masu tsaron fili suna tsaye kamar masu jiran bas. Ba zan ɓoye maka ba, mutane sun ƙaru a filin. Matasa suna zuwa da 'yan matansu, ana harba wuta sama, ana kiɗa, kowa ya ɗaga waya yana jira. Mayu kanta ta ce mini, "Mama, ku ne kuke jin daɗin zaman makoki, mu mun biya kuɗi ne mu yi ihu." Tana da tata gaskiyar, don ni ma in ƙwallon ya tashi gabana yakan faɗi. Amma da ya sauka shi ke nan, babu abin da zan tafi da shi gida.

Shingo bai zauna ba, ya yi ƙoƙarin canzawa. Duk sanyin bara yana cin shinkafa kwano bayan kwano har yana kamar zai yi kuka, yana ɗaga ƙarfe, yana kaɗa sanda daga ƙasa zuwa sama a bayan ɗakin ajiya. Wata safiya ubansa ya tsaya yana kallonsa, can ya ce, "Kai, wannan bugu ne ko kakkaɓar 'ya'yan itace?" Shingo ya ce, "Baba, zamani ya canza." Sadao ya ce, "Zamani ya canza, amma tsayinka yana nan yadda yake." Shingo ya jefar da sandar ya shige ɗaki. Daga ranar suka daina maganar wasa, Sadao kuma ya daina zuwa fili. Abin baƙin cikin shi ne tsohon ya yi gaskiya. Ƙwallon Shingo yakan tashi, ya yi kamar zai tafi, sai ya faɗo a hannun mai tsaro. Nauyin da ya ƙara kuma ya cinye masa gudu. Rabin bana a benci ya yi shi.

Ranar wasan ƙarshe duk mun san abin da ke tafe, ko da yake babu wanda ya furta. Na shirya ƙunshin shinkafa zan fita ni kaɗai, sai na tarar da Sadao a mota ya riga ya sa hula. Ya ce taki zai sayo a gari, filin kan hanya yake. Wasan yamma ne, rana tana dukan fuska. Aka kai zagayen ƙarshe ana kunnen doki, namu ne ke bugu, mutum ɗaya yana zangon farko, ba a fitar da kowa ba. Sai muka ji an kira sunan Shingo. Daga baya ya gaya mini kocin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yau taka ce, kaɗa yadda ranka yake so." Jama'a suka ɗauki waƙa, homuran Shingo, homuran Shingo, don alheri suke nufi.

Mai jifa ya saki ƙwallo, Yaya, sai na ga yarona ya karkata sanda. Ƙwallon ya gangara a hankali ta gefen layi, ya tsaya daidai inda mai jifa da mai tsaron zango na uku suka rasa wanda zai ɗauka. Da gudunsa na da ne, da shi ma ya tsira. An fitar da shi da taku ɗaya, abokinsa kuwa ya kai zango na biyu a tsaye. Waƙar ta mutu. Wani saurayi a bayanmu ya ce, "Haba, wannan tsohon yayi kuma fa?" Sai Sadao ya dafa kafaɗata ya miƙe a kan gwiwar nan tasa, yana tafi shi kaɗai, hannuwansa masu kaushi suna ƙara kamar ana buga katako. Tsofaffi biyu ko uku a bayan raga suka taya shi.

Wanda ya biyo baya Daigo ne, wani ƙaton yaro da aka ɗauko bana. Jifan farko ya ɗauke ƙwallon, ya haura katanga, ya haura har bishiyoyin da ke bayanta. Fili ya kaure, aka harba wuta. Ko ni na gane cewa da abokin nan yana zangon farko ma da ya iso gida, banton bai ƙara komai ba. Na duba ƙasa ina neman Shingo, sai na gan shi shi ne na farko da ya ruga ya rungume yaron, yana dukan hularsa yana dariya. A hanyar komawa muka wuce shagon takin ba mu tsaya ba.

Tun da ya dawo gida yake tsinkar tanjarin tare da mu. Yana aiki sosai, amma shiru ya yi masa yawa. Sadao kuwa har ya fara lissafin yadda zai miƙa masa gonar, yana nuna masa bishiyoyin da suka tsufa. Sai makon jiya muna cin abinci Shingo ya ajiye tsinken cin abincinsa ya ce yana da magana. Ya ce a wayar sabuwar shekara ka ambata masa cewa tsohon da ke koya wa yaran garinku besbol ya rasu, filin nan na jar ƙasa yana nan, yaran suna zuwa amma babu mai tsaya musu. Ya ce maganar ba ta bar ransa ba, yana so ya tafi. Sadao ya buga tebur ya ce, "To wa zai sauko mini da akwatuna daga saman tudu, uwarka?" Shingo ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, abu ɗaya na iya a duniya, kuma nan babu mai so." Sadao ya tashi ya bar abincin.

Kwanaki suka wuce ba su haɗa ido ba. Shekaranjiya da rana muna hutawa a gona ni da Sadao, yana ɓare tanjarin bai ci ba, sai ya ce ya yi magana da maƙwabcinmu Hirata, zai karɓi saman gonar haya, mu riƙe na ƙasa. Na ce masa saman nan fa ubansa ne ya sare dutse ya dasa shi da hannunsa. Ya ce ya fi ni sani. Can ya ce, "Yaron nan tun yana ƙarami ake fitar da shi don wani ya matsa gaba. Yau bari a fitar da ni." Sannan ya ce kada in kuskura in gaya wa Shingo ya faɗi haka, in ce kawai gwiwa ce.

To Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Shingo zai kira ka, amma na roƙe shi ya bari tawa ta riga isa. Ina so ka gaya mini gaskiya, ba irin gaskiyar da kake gaya mini game da bayanka ba. Yaran naku za su saurare shi, ko su ma abin da suke gani a waya suke so, kowa ya ɗaga sama? Kada ya ƙetare duniya ya tarar da abin da ya baro. In ka ga akwai wuri, ka karɓe shi kamar Paulo ɗanka. Ba ya jin yarenku ko kalma ɗaya, ba ya iya cewa yana jin yunwa ko da yarenmu, sai Yaya Irene ta riƙa zuba masa ba tare da ta tambaya ba. In ya yi shiru da yawa, ka fita da shi ku yi jifan ƙwallo, a nan bakinsa yake buɗewa.

Ni ban hana shi ba, kuma ba zan hana ba. Amma tun da ya faɗi maganar nake ganin tashar jirgin ruwa ta Kobe. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, kana can sama a jikin ƙarfen jirgin, ka jefo mana zaren takarda ja, Inna ta riƙe bakinsa har ya tsinke, ta naɗe guntun ta sa a aljihu. Ka ɗaga murya ka ce mata shekara biyar kawai. Ba zarginka nake yi ba, ka gina gida, ka tara iyali, Inna ma ba ta taɓa zarginka ba. Shingo ya ce mini shekara biyu zai yi. Na gyaɗa kai na ce to, na ci gaba da wanke kwanuka.

Ka gaishe mini da Yaya Irene da kyau, da Akemi da mijinta, da Paulo da matarsa, da jikoki ɗaya bayan ɗaya, musamman ƙaramar da ban gani ba sai a hoto. Sadao yana gaishe ka, Mayu da mijinta suna gaishe ka, Goggo Tomi ma tana gaishe ka. Hirata ya ce in tambaye ka ko har yanzu kana da gashi. In amsarka ita ce ya taho, zai taso bayan Mayu ta haihu. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da shekara biyun ta cika, kada ka bar shi ya sayi tikitin dawowa shi kaɗai. Ku sayi biyu.

Ƙanwarka mai kewarka,
Fusae