Malamina ya makance, yana so ya sake taɓa badala

Malama Sa'ida, don Allah ki ba ni shawara kafin Juma'ar nan, kaina ya ɗaure.

Ni mutumin Gwale ne, na haura hamsin. Tarihi na karanta a jami'a, na gama a shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki, muna ganin ƙasa ta zama tamu. Yanzu an sake miƙawa, ana ta murna, ni kuwa ina shagon ƙanina ina auna wa mutane ƙusa. Koyarwa tuni aka sallame mu.

Abin da na tsira da shi daga jami'a shi ne darasin Malam Isyaku Nata'ala kan tarihin birnin Kano. Ba ya zaunar da mu a aji. Da ƙafa yakan tasa mu gaba har badala, wato ganuwar birni, kowa ya ɗora tafin hannunsa a jikinta, ya rufe ido, ya faɗi abin da ya ji. Wani ya ce tsakuwa, wani ya ce ciyawa. Ni na ji shatin yatsun wanda ya yaɓa ƙasar. Ranar Malam ya rungume ni a gaban kowa.

Yau Malam ya tsufa, ya makance, yana gidansa a Mandawari. 'Yarsa Uwani ta zo ta ce burinsa in kai shi wurin nan na badala ranar Juma'a ya sake ɗora hannu. Malama, wurin babu shi. An kwashe ƙasar an yi gini, shagunan bulo ne a jere, ɗaya ma na wani ɗan ajinmu ne da ya ci zaɓe. Uwani ta ce in kai shi wani guntun da ya rage, in ce masa nan ne. In yi ƙarya ga wanda ya koya mini tantance labari? Ko in faɗa masa an cinye badalar kamar yadda aka cinye mu?

Tsohon ɗalibi, Gwale

Tsohon ɗalibi, na ji ɗacin da ke ranka, ba kuma zan ce ba ka da dalili ba. Uwani ma ba mugunta take nufi ba, tausayin mahaifinta take ji.

Amma kada ka yi masa ƙarya. Hannun da ya koya maka jin shatin yatsu zai gane ba wurin ba ne, sai ya ɓoye maka don kada ya kunyata ka, ya koma gida da baƙin ciki biyu.

Ka je gidansa tun kafin Juma'a, kai da Uwani, ka faɗa masa a hankali. Maganar ɗan ajinku da ta ƙusa ka bar su a shago. Sannan ka kai shi guntun da ya rage da sunansa na gaskiya. Ka ɗora hannunka kusa da nasa, ka rufe ido, ka faɗa masa abin da ka ji.

Ina zaton ba ƙasa kaɗai yake son taɓawa ba. Ɗalibansa da yawa, kai ya aiko a kira. So yake ya ji ko darasin yana nan, kuma wasiƙarka ta nuna mini yana nan.

Allah ya ba Malam lafiya, ya sanyaya maka zuciya.

Sa'ida