Lambar Gonata a Buhun Wani

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, ya aikin sito? Yara suna gaishe ka.

Jiya kamfaninku ya aiko cewa an soke lambar gonata. Wai cikin buhu tara na riɗi masu lambata, an sami maganin ƙwari a uku. Ni da nake tsince tsutsa da hannu tun rasuwar baban yaran nan? Kuma buhu shida na kawo, daga ina ukun suka tsiro? In babu lamba kamfanin ba ya saye, sai dai in karyar wa 'yan bakin hanya. Kai ke liƙa lamba a sito, ka duba min.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi. Ki yi haƙuri, manaja abin da lamba ta nuna yake bi. Wataƙila lissafi ne ya ƙwace miki, ko iska ta kwaso feshin maƙwabta. Ki bari baɗi a sake nema.

Ƙaninki.

*

Auta,

Gaisuwar dole nake yi maka. Baɗi? Bana ƙasa za mu ci?

Ranar hutunka na je siton, mai gadi ya nuna min buhunan da aka ware. Ka san da basilla nake ɗinke bakin buhuna, in yi ƙulli biyu. Waɗannan ukun ɗinkin inji ne, kuma lambata ce a jikinsu, da rubutunka mai kama da tafiyar kaza. Ni na koya maka riƙe fensir, don haka kada ka raina min wayo. Wallahi raina ya ɓaci. Ko ka faɗa wa manaja da bakinka, ko ranar Litinin in kai masa basillata da kaina.

Wadda ta goya ka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ko da ba za ki amsa ba.

Buhunan ukun na wani dillali ne, ba shi da rajista. In buhunan manomi ba su kai yawan lambobin da aka ware masa ba, ragowar mukan liƙa wa kayan dillalin, duk sito an sani. Naki na zaɓa don ba a taɓa samun komai a kayanki ba, na ɗauka ba za a auna ba.

Na faɗa wa manaja. Ya kore ni, ya ce za a maido miki da lambarki. Da nake fitowa na ga motar dillalin tana sauke kaya, ana liƙa musu lambar gonar Kawu.

Ki gafarce ni.

Ƙaninki.

*

Auta,

Na amsa. Gafara kuma ba yanzu ba.

Ka zo gobe da sassafe mu je gidan Kawu. Kai za ka yi masa bayani, ni ina tsaye.

Yayarka.