Na Ɗora Wa Ƙanin Matata Laifin Agarata

Don Allah Anti ki taimaka min da shawara, kunya na neman kashe ni a kan gado. Ni tela ne, shekaruna sun kusa hamsin, da keken ƙafa nake ci da iyalina. Na daɗe ina jin ciwo a bayan dunduniya, musamman in na tashi da safe, amma na yi ta cewa gajiyar keke ce.

Ran nan aka haɗa ƙwallo tsakanin magidanta da samarin layinmu, ni kuma da rawar kai na shiga. Cikin samarin akwai ƙanin matata, wanda muke wasa da shi tun yana ɗan makaranta. Kafin a fara ya tsokane ni, wai yau sai ya karya tsoho. Ana cikin wasa na zabura zan bi ƙwallo, sai na ji an sheme ni a agara ta baya, har da ƙara. Na zube. Ban ko waiwaya ba na kama sunan yaron nan, na zage shi tas a gaban jama'a, na ce dama ya faɗa kuma ya cika.

A asibiti likita ya kwantar da ni rubda ciki, ya matsa sha-raɓata, ƙafar ko motsi. Ya ce jijiyar agara ce ta tsinke, kuma babu shatin duka a jikina. Wai kusan duk wanda tasa ta tsinke rantsuwa yake yi an harbe shi ta baya. Ban yarda ba, sai da wani maƙwabci ya turo min bidiyon wasan. Anti, lokacin da na faɗi, yaron yana can gefe a durƙushe yana ɗaure takalmi. Babu kowa a bayana.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, surukata ta tasa shi gaba ya zo ya durƙusa ya ba ni haƙuri, ni kuma na kishingiɗa da ƙafa a filasta na ce na yafe. Matata ta daina yi masa magana, samari sun cire shi daga ƙungiya, amma shi yake kai ni asibiti a motar maigidansa. Bai taɓa musa min ba. Na goge bidiyon. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli surukata?

Tela mai ƙafa ɗaya

AMSA

Malam tela, sannu da jiki. Zargin da ka yi a fili ban ga laifinka sosai ba: zafi ne, ga tsokanar da ya riga ya yi, jikinka ma ruɗinka ya yi. Inda ka karkace shi ne shirun da ka yi bayan ka ga gaskiya. Goge bidiyo bai goge komai ba, yana nan a wayar maƙwabcinka, gara a ji daga bakinka.

Ka fara da yaron, ku biyu kawai. Daga nan matarka, don ita ce ta yanke zumunci saboda kai, sannan surukarka. Kada ka ji tsoron idonta, uwar da aka wanke mata ɗa ba ta riƙe mai wankin. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kuma tunda a gaban jama'a ka ɓata shi, a gabansu za ka wanke shi, ko da a kan sanduna ne.

Ƙafa kuwa, kada ka kai ta ga mai ɗori ya murza, kada ka taka ta sai likita ya yarda, kuma kada ka yi gaggawar komawa keke. Ka riƙe yankan yadi, wani ya yi ɗinki, ko ka sa wa keken injin lantarki.

Ka lura, yaron nan ya san bai taɓa ka ba, ya kuma durƙusa don ya rufa maka asiri. Ba ta kunyarka yake ba, yayar nan tasa, matarka, ita yake jira ta amsa gaisuwarsa. Allah Ya ba ka lafiya, Ya ɗinke agarar da zumuncin tare.